Sanyi da Amosani: Musabbabai da Maganin Ciwon Gaɓoɓin Ƙafa da Idon Sawu a Ƙasar Kujama

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita a ƙasar Hausa ko maƙwabtanta, da wuya ya tashi bai ji wani dattijo ko wata dattijuwa ta ce sanyi ne ya kama mata ƙafa ba. Wannan furuci gajere ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa yana da yawa. Mai yiwuwa ne mai maganar tana fama da zaizayar gaɓa ta tsufa, wadda za a iya lallaɓawa shekara da shekaru. Mai yiwuwa ne kuma ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, wadda idan ba a hanzarta ba za ta lalata ta cikin 'yan kwanaki. Kalma ɗaya ce dai take ɗauke da duka biyun.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin musabbaban ciwon gaɓoɓin ƙafa da idon sawu da hanyoyin maganinsa, tare da nuna cewa kalmomin da Hausa take da su a wannan fage suna tattara cututtuka dabam-dabam a inuwa ɗaya, alhali kuwa kowace da nata dalili da nata magani. An ɗauki Kujama da kewayenta a matsayin fagen misali, domin a can Hausa ita ce gadar da majiyyaci da ma'aikacin lafiya suke haɗuwa a kanta, ko da kuwa ba harshen uwa ba ce ga ko ɗayansu.

2.0 Kujama da Matsayin Hausa a Cikinta

Kujama ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna. Tana kudu maso gabas da birnin Kaduna, a kan hanyar da ta bi ta Kasuwan Magani da Kachia, ta zarce Zonkwa da Kafanchan. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 360,000. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari, amma kusancinta da Kaduna da matatar mai da aka buɗe a 1980 ya jawo mata baƙi daga ko'ina. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Adara na ƙasar Kajuru da Kachia, akwai kuma Bajju da Atyap da Ham da sauran al'ummomin kudancin jihar.

Abubuwa biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko, sana'ar akasarin mutanen karkarar yankin noma ce, ta doya da masara da dawa, wato aikin da ƙafa ce take ɗaukar nauyinsa: tafiya a ƙasa mai kunya-kunya, da huɗa, da dakon kaya daga gona zuwa bakin titi. An san matan Gbagyi da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, amma ko a ina aka ɗora kayan, a kan idon sawu nauyin yake ƙarewa. Ga kuma babur, wanda ya zama abin hawan yau da kullum, ya kuma zama sanadin karaya da targaɗe masu yawa. Na biyu, Hausa ce harshen kasuwa da tasha da kemis da ɗakin shan magani. Likita ya yi karatunsa da Ingilishi, majiyyaciya tana tunanin ciwonta da Gbagyi ko Jju, sa'an nan su biyun su yi magana da Hausa. Ke nan duk wani giɓi da ke cikin kalmomin Hausa na wannan ciwo, a jikin mutum yake bayyana.

3.0 Kalmomin da Ake Amfani da Su

3.1 Sassan Ƙafa

Kalmar ƙafa a Hausa tana iya nufin tun daga cinya har zuwa yatsu, tana kuma iya nufin sashen da ke taka ƙasa kaɗai. Idan ana son keɓewa sai a ce ƙwauri, ko sha-raɓa, ko idon sawu, ko diddige, ko tafin ƙafa, ko yatsun ƙafa. Agara kuwa ita ce kakkaurar igiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige. Waɗannan kalmomi sun wadatar, matsalar dai ita ce ba kasafai majiyyaci yake amfani da su ba sai an tambaye shi.

Inda giɓin yake shi ne a kalmar jijiya. Hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙon ji da motsi jijiya ce, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce, haka ma wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Saboda haka idan mutum ya ce jijiya ce ke damunsa, bai faɗi kome ba tukuna ta fuskar likita.

3.2 Sanyi da Amosani

A tunanin Bahaushe na gargajiya, sanyi abu ne da yake shiga jiki, ya kwanta a ƙashi ko a mara, ya daɗe yana ɓarna. L. Lewis Wall, wanda ya yi nazarin magungunan Hausawa a ƙasar Malumfashi ya kuma buga littafinsa a 1988, ya nuna irin babban gurbin da sanyi yake da shi a bayanin Bahaushe na musabbabin cuta. Duba waɗannan misalai:

(1) Sanyin ƙashi ya hana Baba zuwa gona.
(2) Sanyin mara ne yake damunta.
(3) Ya ɗauko ciwon sanyi.

A jumla ta (1) ana maganar gaɓoɓi, a ta (2) ana maganar ciwon mata, a ta (3) kuwa cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa ake nufi. Idan aka yar da kalmar da ke biye, kamar yadda aka saba yi a maganar yau da kullum, aka ce "sanyi" kawai, to sai mai sauraro ya cike giɓin da zatonsa.

Amosani ma haka yake. Akwai amosanin ka, wanda ke sa fatar kai ta riƙa zubar da gari. Akwai amosanin ido. Akwai amosanin jini, wato sikila. Sa'an nan akwai amosanin gaɓɓai. Abin da ya haɗa su, bisa ga dukkan alamu, shi ne naci: cuta ce da ba ta tafiya gaba ɗaya, sai dai ta lafa ta dawo. Wannan ma'ana ta dace da wasu nau'o'in ciwon gaɓoɓi, amma tana da haɗari ga nau'in da ba ya jira.

Ya kamata a faɗa tun a nan cewa sanyin iska ko na ruwa ba ya haddasa amosanin gaɓɓai. Gaskiya ne masu ciwon da dama sukan ji ya tsananta da damina ko da hunturu, wannan kuwa shi ya ƙarfafa zaton. Amma gaɓar da sanyi yake tayar wa ciwo, da ma tana da lahani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

3.3 Gaɓa da Gaba, Ƙashi da Kashi

Akwai wata matsala ta furuci da rubutu. Wasu daga cikin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu ba sa bambanta /ɓ/ da /b/, ko /ƙ/ da /k/. Haka kuma fastoci da takardun magani da yawa ana buga su ba tare da haruffa masu ƙugiya ba. Sakamakon haka sai "ciwon gaɓa" ya koma "ciwon gaba", wanda mai karatu zai ɗauka ciwon al'aura ne, tun da ma kalmar sanyi tana jan hankali can. Haka "sanyin ƙashi" yakan koma "sanyin kashi". Mafita mai sauƙi ga na farko ita ce a yi amfani da jam'i, a ce gaɓoɓi ko gaɓɓai, domin ko an yar da ƙugiya ba za su rikice da wata kalma ba.

4.0 Ire-iren Ciwon da Musabbabansu

Ƙafar ɗan'adam, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi kimanin 33. A kowace gaɓa, kan ƙasusuwan yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, akwai kuma wani tantani da ke kewaye da gaɓar yana samar da ruwa mai yauƙi domin rage gogayya. Lokacin tafiya, nauyin da ke sauka a kan idon sawu yakan kai ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jiki. Duk abin da ya lalata guringuntsin nan, ko ya sa tantanin ya kumbura, shi ne musabbabin amosanin gaɓɓai. Sunayen da aka ba nau'o'in a ƙasa shawara ce ta wannan maƙala.

4.1 Amosanin Zaizaya

Wannan shi ne mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne suke fama da shi a duniya, akasarinsu waɗanda suka haura shekara 55, kuma mata sun fi yawa. Guringuntsi ne yake sirancewa sannu a hankali har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gefen gaɓar kuma ya tsiro da ƙari. Alamarsa ita ce ciwon yana ƙaruwa da aiki, yana lafawa da hutu, kuma sanƙarewar safe ba ta cika wuce rabin sa'a ba. A ƙafa ya fi kama gindin babban yatsa da tsakiyar ƙafa.

Idon sawu yana da wani bambanci mai muhimmanci. A gwiwa da ƙugu, tsufa da ƙiba su ne manyan dalilai. A idon sawu kuwa tsufa kaɗai ba ya cika jawo zaizaya. Nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka da Turai sun nuna cewa kimanin bakwai cikin goma na masu wannan ciwo a idon sawu, tsohon rauni ne asalinsa: karaya, ko gocewa, ko targaɗe da aka yi ta maimaitawa. Wani gwaji da aka buga a 1976 ya nuna cewa idan ƙashin tsakiyar idon sawu ya goce da milimita ɗaya kacal, faɗin wurin da ƙasusuwan suke haɗuwa yana raguwa da kimanin kashi 40 cikin 100. Wato nauyin da a da yake bazuwa sai ya tattaru a wuri kaɗan. Wannan shi ya sa saurayin da ya faɗi a babur yana ɗan shekara 25, aka ɗora shi a karkace, zai iya fara ɗingishi kafin ya kai 40, ya kuma ce sanyi ne, domin ya manta da faɗuwar.

4.2 Amosanin Garkuwa

A wannan nau'i, wanda likitoci suke kira rumatoyid, garkuwar jiki ce take juyowa ta auka wa tantanin gaɓoɓi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 shi ne mutum miliyan 18, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne. Yana kama ƙananan gaɓoɓin hannu da na ƙafa, dama da hagu a tare, da kumburi da ɗumi da gajiya. Sanƙarewar safe takan kai sa'a guda ko fiye, kuma motsi yana rage ta, saɓanin nau'in zaizaya. Gado da shan taba suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinsa.

An daɗe ana zaton wannan cuta ba ta cika samun baƙar fata na Afirka ta Yamma ba, musamman bayan nazarin da B. M. Greenwood ya yi a Ibadan a ƙarshen shekarun 1960. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun buga bayanin majiyyata 200 daga asibiti ɗaya a Legas. Ke nan cutar tana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne masu gano ta. Idan aka bar ta, cikin 'yan shekaru takan karkatar da yatsu, ta shafe lanƙwasar tafin ƙafa, lahanin kuwa ba ya komawa.

4.3 Gawut

Hausa ba ta da tsohuwar kalma da ta keɓanta ga wannan cuta, don haka aro ya fi sauƙi. Tun a 1848 likitan Ingila Alfred Garrod ya nuna cewa jinin masu ita yana ɗauke da sinadarin yurik fiye da kima. Idan sinadarin ya yi yawa sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Yadda take zuwa sananne ne: mutum ya kwanta lafiya lau, cikin dare gindin babban yatsa ko idon sawu ya kumbura, ya yi zafi, har ba ya son mayafi ya taɓa wurin. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta lafa ko ba magani, ta kuma dawowa bayan watanni. Saboda wannan zuwa na ba-zata, mutane da yawa sukan danganta ta da taka sammu ko jifa. Saboda tafiyarta da kanta kuma, duk maganin da aka sha a lokacin shi yake samun yabo.

Ta fi kama maza magidanta, da mata bayan ɗaukewar al'ada. Abubuwan da ke tayar da ita sun haɗa da gado, da ƙiba, da raunin ƙoda, da barasa musamman giyar hatsi, da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da lemon kwalba mai yawan sukari. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, su ma suna ƙara sinadarin a jini.

4.4 Amosanin Ƙwayar Cuta

Wannan shi ne na gaggawa, kuma kiran sa amosani ma yana iya sa a yi sake. Ƙwayar cuta tana shiga gaɓa ta rauni, kamar sarar fartanya ko sukar ƙaya ko tsaga, ko kuma ta biyo jini daga wani wuri. Gaɓa ɗaya ce take kumbura, ta yi zafi, mutum ya kasa taka ƙafar, sau da yawa da zazzaɓi. Mugunya takan cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, cutar kuma tana iya bazuwa a jini ta yi kisa. Tarin fuka ma yana kama gaɓa, amma shi a hankali yake ci, haka ma cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbar da ta kamu.

Akwai kuma kumburin da ke biyo bayan wata cuta. Mako ɗaya zuwa huɗu bayan gudawa mai tsanani ko ciwon sanyi na saduwa, idon sawu da diddige suna iya kumbura. A nan ma'anoni biyu na kalmar sanyi suna haɗuwa da gaske. Ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15 kuwa, ciwon da ke yawo daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa gwiwar hannu bayan ciwon maƙogwaro, alama ce ta zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya. Gaɓoɓin za su warke, zuciyar ce abin tsoro.

4.5 Masu Kama da Amosani

Jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa suke kumbura yana kuka, tsakanin wata shida da shekara biyu zuwa uku, a fara tunanin sikila. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Nijeriya kowace shekara. Mai ciwon suga ko kuturta da jijiyoyin jinsa suka mutu, ƙafarsa tana iya kumbura ta rushe ba tare da ciwo mai yawa ba, wannan rashin ciwon kuwa shi ne haɗarin. A da kurkunu yana cikin masu sanƙarar da idon sawu, domin binciken 1988 zuwa 1989 ya sami masu ita fiye da 650,000 a ƙasar nan. An ga na ƙarshe a 2008, aka kuma tabbatar wa Nijeriya rabuwa da ita a 2013.

5.0 Magani

5.1 Abin da Majiyyaci Zai Yi da Kansa

Ga nau'in zaizaya, babu maganin da ke mayar da guringuntsin da ya tafi, amma ana rage ciwo a kuma jinkirta ɓarna. Rage ƙiba yana gaba, tun da kowane kilo ninkuwa yake a idon sawu. Sai motsa gaɓa kullum da ƙarfafa tsokar sha-raɓa, domin kwanciya tana ƙara sanƙarewa. Takalmi mai kaurin ƙasa da ke riƙe diddige ya fi silifa, musamman a gona. Dogara sanda a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo yana rage mata nauyi. Gashi da ruwan ɗumi yana taimaka wa gaɓar da ta sanƙare, amma ba a gasa gaɓar da ta kumbura take zafi, kuma mai ciwon suga ya guji ruwan zafi domin yana iya ƙonewa bai ji ba.

5.2 Maganin Gargajiya

Ƙasar Kachia da Kwoi da Kafanchan ita ce cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma gwaje-gwaje sun nuna citta tana ɗan rage ciwon zaizaya, ko da yake ba ta hana cutar ci gaba. Shafa man kaɗanya da tausa mai sauƙi ba su da illa ga gaɓar da ba ta kumbura ba. Ɓawon hano, wanda wasu suke kira ararraɓi, yana cikin abin da Hausawa suka daɗe suna amfani da shi ga sanyin ƙashi.

Inda ake bukatar hattara shi ne tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓa, domin ƙofa suke buɗe wa ƙwayar cuta. Maɗori kuma yana da gurbinsa da mutuncinsa a al'umma, yana kusa, kuɗinsa kuma da sauƙi. Amma hannu, kome gwanintarsa, ba ya jin gocewar milimita ɗaya a cikin kumburi, ɗauri mai tsanani kuma yana iya tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe. Abin da ya fi shi ne duk karayar da ta shafi idon sawu a ɗauki hotonta kafin a ɗora.

5.3 Maganin Kemis

A nan ne rikicin kalma yake komawa rikicin magani. Mai ciwo ya ce a ba shi maganin sanyi, sai a ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda ba suna. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi masu kashe ciwo irin su dikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci biyu a tare, da kuma dekzametazon ko firednisolon. Sauƙin yana zuwa nan take, shi ya sa ake komawa. Amma na farkon, idan aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna raunana ƙoda, suna ƙara hawan jini. Na biyun kuwa suna kumbura fuska, su tayar da suga, su sa ƙashi ya yi rauni, su kuma ɓoye alamun ƙwayar cuta har sai ta yi nisa. Wanda ya daɗe a kansu ma ba a tsayar masa da su rana ɗaya. Farasitamol da man shafawa mai kashe ciwo sun fi aminci ga dattijo, muddin ba a wuce kima ba.

5.4 Maganin Asibiti

Kowane nau'i da nasa. Amosanin garkuwa yana bukatar magungunan da ke danne cutar kanta, babbansu metotirezet, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Fara shi a watannin farko shi ne ke ceton gaɓoɓi. Gawut ana kwantar da tashinta da kolcisin ko masu rage kumburi, sa'an nan a hana ta dawowa da alofurinol, wanda ake sha kullum ko babu ciwo. Gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga ana zuƙo ruwanta a gwada, a wanke mugunyar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni. Idan zaizaya ta kai matuƙa, ana iya yin tiyata a manne ƙasusuwan idon sawu su zama ɗaya: gaɓar za ta daina lanƙwasuwa, amma ciwon zai ragu ƙwarai, mutum ya koma aikinsa. A wasu manyan cibiyoyi na duniya ana sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba.

Mutumin Kujama yana farawa ne daga asibitin da ke kusa da shi, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

6.0 Gudummawar Masana Harshe

Aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙo ba ne a Hausa. An buga na nazarin harshe da adabi a 1990 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, an kuma buga na ƙanjamau da Ebola a 2017. Cututtukan gaɓoɓi ma sun cancanci irin wannan kulawa, tare da likitoci da masu jin harsunan yanki irin su Gbagyi da Jju da Tyap, domin a ji yadda kalmar za ta sauka a kunnen wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce.

Kafin a kai ga haka, ana iya rufe giɓin da tambayoyi. Alal misali, ma'aikaciyar lafiya tana iya cewa:

(4) Mama, nuna mini da yatsa daidai inda yake miki ciwo.
(5) Gaɓa ɗaya ce, ko dama da hagu duka?
(6) Da safe ya fi, ko bayan kin dawo gona?
(7) Dare ɗaya ya zo, ko a hankali?
(8) Kin taɓa karaya ko targaɗe a ƙafar nan, ko da tun kina budurwa?
(9) Akwai zazzaɓi? Wace ƙwaya kike sha?

Babu kalmar aro ko ɗaya mai wuya a cikin waɗannan jumloli, amma amsoshinsu suna kusan rarrabe nau'o'i huɗun da aka bayyana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai a iya tambayarsa. Haka kuma a shirye-shiryen rediyo da wa'azin masallaci da coci, saƙo ɗaya ya kamata a nanata da Hausa bayyananniya: gaɓa ɗaya mai kumburi da zafi, wadda ta hana taka ƙafa, ba sanyi ba ce, a tafi asibiti a ranar.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa abin da ake kira sanyi ko amosani a ƙafa da idon sawu ya ƙunshi aƙalla cututtuka huɗu: na zaizaya, wanda a idon sawu tsohon rauni ne yawanci asalinsa, na garkuwa, mai bukatar magani da wuri, gawut, mai zuwa da dare ta tafi da kanta, da na ƙwayar cuta, wanda ba ya jira. An kuma nuna cewa a wuri irin Kujama, inda Hausa ce harshen haɗuwa, faɗin ma'anar kalmomin da rashin ƙugiya a rubutu suna iya kai mutum ga maganin da ba nasa ba. Manomin da ƙafarsa ta mutu, gonarsa ce ta mutu, da abincin gidansa na shekara. Saboda haka tantance waɗannan kalmomi da yaɗa su aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe kamar yadda ya rataya a wuyan likitoci.